Yabo da Shaida a Hotunan Gerda Taro na Yaƙin Basasar Sifen

1. Gabatarwa

Akwai mutanen da labarin mutuwarsu ya kan danne labarin aikinsu, har ya zama kowa ya san yadda suka bar duniya, amma da ƙyar a ke samun wanda zai faɗi abin da suka yi a cikinta. Gerda Taro, mai ɗaukar wa jaridu hoto, wadda ta rasu ran 26 ga Yuli, 1937, a bakin aikinta cikin yaƙin basasar ƙasar Sifen, tana cikin irin waɗannan mutane. Ana lissafa ta a kan ita ce mace ta fari da ta rasa ranta garin ɗaukar hoto a fagen fama, kuma shekara da shekaru wannan magana ita kaɗai a ke maimaitawa game da ita, sai fa in an ƙara da cewa ita ce abokiyar aiki kuma masoyiyar Robert Capa, wanda ya yi suna a wannan sana'a.

Nufin wannan takarda shi ne a kau da makoki gefe guda, a dubi hotunan su kansu, a auna su. Ma'aunin kuwa ba baƙo ba ne ga mai karatu. Maroƙi ya kan zaɓi abin da zai ɗaukaka ubangidansa ya faɗa, ya haɗiye saura. Mai shaida a gaban alƙali kuwa, ko da yana da wanda ya ke so ya ci shari'a, abin da aka ɗora masa shi ne ya faɗi abin da idonsa ya gani. Kyamara tana iya yin aikin kowane ɗaya daga cikin su biyu. Abin da za a nuna a nan shi ne, cikin ƙasa da shekara guda da Taro ta yi tana kai da komowa a Sifen, aikinta ya tashi daga yabo ya nufi shaida, kuma a cikin wannan sauyi darajarta ta ke.

2. Asalinta da sunanta

An haife ta ran 1 ga Agusta, 1910, a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. Sunanta na yanka Gerta Pohorylle, iyayenta kuwa Yahudawa ne da suka yiwo ƙaura daga gabashin Turai. A 1929 gidansu ya koma Leipzig. Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka kama ta aka tsare ta na ɗan lokaci bisa zargin raba takardun sukar 'yan Nazi, kuma kafin shekarar ta ƙare ta tsere zuwa Faris. A can ne, cikin 1934, ta gamu da wani saurayi mutumin Hungari, shi ma Bayahude ɗan gudun hijira, wai shi Endre Friedmann. Shi ya koya mata riƙon kyamara da wankin hoto. Ita kuma, da ya ke ta sami aiki a wani kamfanin dillancin hotuna mai suna Alliance Photo, ta naƙalci yadda a ke ciniki da editoci.

A 1936 suka ƙulla wata dabara. Suka ƙago wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke wanda babu shi a duniya, suka raɗa masa suna Robert Capa, suka riƙa sayar da hotunansu da sunansa a farashi mai tsada. Ba a daɗe ba asiri ya tonu, sai Friedmann ya riƙe sunan ya zama nasa, ita kuma ta mai da nata Gerda Taro. Dalilin wannan dabara a fili ya ke, domin a Faris ta wancan zamani sunan Bayahude baƙo ba ya buɗe ƙofa. Amma fa a nan ne aka shuka matsalar da ta bi aikinta har bayan ranta, tun da ya ke sunan da aka ƙaga domin ya rufe mutum biyu ya koma na mutum ɗaya, kuma duk abin da ya fita a ƙarƙashinsa sai aka ɗauka na wannan ɗayan ne.

3. Hotunan fari

Yaƙi ya ɓarke a tsakiyar watan Yuli, 1936, sa'ad da waɗansu manyan hafsoshi suka tayar wa zaɓaɓɓiyar gwamnatin Jamhuriya, kuma ba da jimawa ba Janar Franco ya zama shugabansu. Jamus da Italiya suka ba Franco jiragen sama da sojoji, Tarayyar Sobiyet ta taimaki Jamhuriya da makamai, Ingila da Faransa kuwa suka ce ba ruwansu. A farkon Agusta Taro da Capa suka sauka Barsalona. Ba su je a matsayin 'yan ba ruwanmu ba, kuma ba su taɓa yin da'awar haka ba. Wadda ta ɗanɗani kurkukun 'yan Nazi ta riga ta san gefen da ta ke tun ba ta bar Faris ba.

Hotunanta na wannan lokaci ana iya gane su, sabo da kyamarar da ta ke riƙe da ita tana fitar da hoto murabba'i, watau tsawo da faɗi daidai, alhali ta Capa, ƙirar Leica, tana fitar da shi da ɗan tsawo. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne na wata mace 'yar sa kai da a ke koya wa harbi a bakin teku kusa da Barsalona. Ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta miƙa ƙaramar bindiga gabanta, an ɗauke ta daga gefe, ƙafarta sanye da takalmi mai tsini, babu kome bayanta sai rairayi da sarari. Lalle hoton ya tsaru, ido ba ya samun abin da zai rage ko ya ƙara. Amma in an tambaya mene ne ya faɗa game da wannan mace, amsa ita ce bai faɗi kome ba. An mai da ita tuta. Fuskarta ba ta ba da labarin tsoro, ko na gidan da ta baro, kuma abokin gābar da ta ke nuna wa bindiga babu shi.

Haka abin ya ke ga yawancin hotunanta na 1936. Ta kan runtuma ƙasa ta ɗauki soja ko manomi daga wajen ƙafafunsa, har ya yi tsawo ya tokari sama. Wannan salo ne da ya yaɗu a Jamus da Tarayyar Sobiyet a shekarun da ta tashi, kuma ta iya shi ƙwarai. Sai dai kuma aikinsa aikin kirari ne, yana kumbura mutum har ya fi ƙarfin ya zama mutum. Ba za a ce ƙarya ta yi ba, gama murnar da ke titunan Barsalona a watan nan gaskiya ce. Abin da za a ce kawai shi ne, ta ɗauki abin da ta zo da niyyar gani.

4. Daga Malaga zuwa Balensiya

A farkon Fabrairu, 1937, birnin Malaga ya faɗa hannun sojan Franco da na Italiya. Dubun dubatan mutane suka kama hanyar bakin teku da ƙafa zuwa Almeriya, jiragen sama da na ruwa suna ta yi musu ruwan wuta. Taro da Capa suka iske waɗanda suka tsira suna zube a matsugunan wucin gadi, suka ɗauke su. A wannan lokaci ne ta koma aiki da ƙaramar kyamara irin ta Capa, mai saurin sarrafawa, kuma a lokacin ne hatimin da a ke buga wa hotunan ya soma ɗaukar sunayen su biyu. Daga baya kuma, da ta ƙulla aiki da jaridar Ce Soir ta Faris, wadda marubucin nan Louis Aragon ke cikin shugabanninta, hotuna suka riƙa fita da sunanta ita kaɗai.

Sauyin kyamara ya zo tare da sauyin ido, kuma inda aka fi ganin haka shi ne Balensiya, mazaunin gwamnatin Jamhuriya tun daga Nuwamba, 1936. A tsakiyar Mayu, 1937, 'yan makonni bayan ƙone garin Gernika da jiragen Jamus da na Italiya suka yi ran 26 ga Afrilu, aka yi wa Balensiya ruwan bom. Taro ta tafi asibiti ita kaɗai, ta shiga ɗakin ajiye gawarwaki. A cikin jerin hotunan da ta ɗauka, ga matattu nan kwance a kan tebura da kan daɓe, cikin tufafin da ajali ya same su, jini bai ko bushe ba. Babu tuta, babu dunƙulallen hannu, babu sararin sama da zai ƙara wa kowa tsawo. Sa'an nan kuma ta juya ga masu rai, watau taron mutanen da suka matsu a bakin ƙofar ƙarfe suna jiran a faɗa musu ko nasu yana ciki. Ta tsaya daidai tsayinsu, ta ɗauke su ta tsakanin sandunan ƙofar, kowa da irin kallonsa.

Wannan hoto na bakin ƙofa shi ne ƙololuwar aikinta, kuma dalilai biyu suka sa. Na fari, kowace fuska a cikinsa ta mutum guda ce takamaimai, ba ta tsaya a madadin wata aƙida ba. Na biyu, wurin da ta tsaya ya sa mai kallo a cikin wani hali mai nauyi, domin shi ya riga ya ga abin da ke cikin ɗakin, su kuwa ba su gani ba tukuna. Mai kallo ya san abin da masu jira ba su sani ba, ba shi kuma da ikon faɗa musu. Hausawa su kan ce gani ya kori ji. A shekarar da gwamnatocin Turai su ke ta musun abin da jiragen sama ke yi wa farar hula, irin wannan gani ne ta ajiye a gaban masu karanta mujallun Faris. Har yanzu dai tana gefen Jamhuriya, kuma mujallun sun buga hotunan ne domin su taimaki Jamhuriya. Bambancin shi ne, ko da an cire bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsu, an miƙa su ga wanda bai san ko su wa ke yaƙi da wa ba, abin da su ke faɗa ba zai ragu ba.

5. Abin da za a tuhume ta da shi

Ba zai zama adalci ba a yi kamar ta bar yabo gaba ɗaya daga ran nan. A watan Yuni, 1937, a ƙauyen La Granjuela na lardin Kordoba, wata bataliya ta mayaƙan sa kai na ƙasashen waje ta maimaita yadda ta ci ƙauyen, kamar wasan kwaikwayo, domin Capa ya ɗauka a fim na majigi, Taro kuma tana gefe tana ɗaukar hotuna. Marubucin nan Bajamushe Alfred Kantorowicz, wanda ke tare da bataliyar, ya rubuta labarin wannan rana a littafinsa na tunawa. A wancan zamani masu labarin majigi ba su ɗauki irin wannan shiri a bakin kome ba, amma al'adar zamani ba ta mai da kwaikwayo ya zama shaida. Hoton harin da aka shirya, in an buga shi ba a faɗi haka ba, ya ci amanar mai kallo, ko da kuwa an yi harin na ainihi a baya.

Tuhuma ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce ta abin da aka yi shiru a kansa. A yankin da Jamhuriya ke riƙe da shi an kashe limaman coci da masu hidimar addini fiye da 6,000, yawancinsu a watannin farko na yaƙin. A farkon Mayu, 1937, ƙungiyoyin da ke gefen Jamhuriya suka juya bindigogi a kan junansu a titunan Barsalona. Wanda ya nemi waɗannan al'amura a cikin hotunan da aka san Taro da su ba zai same su ba. Sabo da haka shaidarta shaida ce ta gaskiya a kan abin da ta gani, amma ita ta zaɓi inda za ta duba. Wajibi ne mai nazari ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare. Wanda ya jefar da hotunan Balensiya domin mai ɗaukarsu tana da gefe ya yi asarar gaskiya, wanda kuma ya ɗauka daga gare su ya san yaƙin Sifen duka ya ruɗi kansa.

6. Brunete

Ran 6 ga Yuli, 1937, sojan Jamhuriya suka kai babban hari yamma da Madrid domin su sassauta ƙawanyar da aka yi wa birnin, suka kama wani ƙaramin gari wai shi Brunete. Taro ta ɗauki sojoji a gaban bangon da ke ɗauke da sunan garin, hoton ya zama hujja cewa lalle garin yana hannunsu. Amma da sojan Franco suka sami gudummawa, ga jiragen Jamus a sama, sai reshe ya juye da mujiya. Capa yana Faris a lokacin. Ran 25 ga wata ta koma fagen fama tare da wani marubuci mutumin Kanada, Ted Allan. Kwamandan wurin, wanda a ke kira Janar Walter, ya umurce su su bar wurin, ta ƙi. Ta yini cikin rami tana ɗaukar hoto, bama-bamai suna sauka, har fim ɗinta ya ƙare. Da yamma, ana cikin ja da baya ba tsari, suka ɗafe gefen wata mota mai ɗauke da raunanan sojoji. Wata tankar yaƙi ta gefen Jamhuriya ta ƙwace, ta bangaji motar, ta murƙushe ta. Aka kai ta asibitin soja a El Escorial, aka yi mata aiki, gari na wayewa ta cika, saura kwana shida ta cika shekara 27.

Akwai wani abu a nan da masu ba da labarinta su kan wuce da sauri. Kyamarorinta da hotunan da ta ɗauka a wannan rana sun ɓace a cikin hargitsin, ba wanda ya taɓa ganinsu. Watau abin da ta sayar da ranta a kansa bai kai ga idon kowa ba. Hotunan da suka fi kowanne nauyi cikin aikinta kuwa an ɗauke su ne a asibiti, cikin gari, bayan jirage sun tafi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton da ya yi wa wannan sana'a katutu, cewa kusantar harsashi ita ce ma'aunin kyaun hoto, mutuwa kuma ita ce hatiminsa. Ba wanda zai yi musun jaruntakarta, amma jaruntaka daban, gani daban.

7. Jana'iza da mantuwa

Ran 1 ga Agusta, 1937, ranar da ta dace da ranar haihuwarta, Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa ta shirya mata gagarumar jana'iza a Faris. Dubban mutane suka raka ta maƙabartar Père Lachaise, aka kuma ba shahararren masassaƙin nan Alberto Giacometti aikin kabarinta. A shekara ta gaba, har wani kamfanin cingam a Amurka ya buga zanen mutuwarta a kan katin da a ke sa wa yara cikin ƙunshi. Abin da ta yi wa macen nan ta bakin teku shi aka yi mata, watau aka mai da ita tuta. A Jamus ta Gabas, bayan yaƙin duniya na biyu, aka sa wa titi sunanta a Leipzig a matsayin jarumar aƙida. A ƙasashen Yamma kuwa, inda duk sunan da ya raɓi 'yan Kwaminis ba a marmarinsa a zamanin yaƙin cacar baka, sai aka bar ta a gefen tarihin Capa.

Ana iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma karin maganar bai zauna daidai a kan Capa ba. Littafin hotunan Sifen da ya fitar a Niyok a 1938 ya sadaukar da shi gare ta, sunanta kuma yana jikinsa tare da nasa. Sai dai ba a bambance wane hoto ne na wa ba, kuma da tafiya ta yi tafiya, hotunanta da yawa suka narke cikin taskarsa. Waɗanda za su tsaya mata kuwa babu su, gama danginta, waɗanda suka yi hijira zuwa Yugoslabiya, sun halaka a kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, shi Capa kuma ya taka nakiya a Biyetnam ran 25 ga Mayu, 1954.

Ba a soma gyara ba sai a 1994, sa'ad da wata Bajamushiya mai bincike, Irme Schaber, ta fitar da tarihin rayuwarta. A 2007 Cibiyar Ɗaukar Hoto ta Duniya da ke Niyok, wadda Cornell, ƙanen Capa, ya kafa a 1974, ta yi babban nunin aikinta ita kaɗai. A ƙarshen wannan shekara kuma aka miƙa wa cibiyar waɗansu ƙananan akwatuna uku da suka fito daga Meziko. Capa ya bar su a Faris a 1939, suka bi ta hannun wani jakadan Meziko a Faransa, Janar Francisco Aguilar González, suka tsallaka teku, suka kwanta shekaru fiye da 60. A cikinsu akwai uwar hoto wajen 4,500, watau fim ɗin da a ke wanke hoto daga gare shi, na Capa, da Taro, da abokinsu David Seymour. Amfanin wannan ga mai nazari babba ne, domin jarida ta kan zaɓi hoto ɗaya ta datse shi yadda ta so, amma naɗin fim yana nuna abin da mai kyamara ya ɗauka kafin wannan da bayansa, da inda ya tsaya, da inda ya matsa.

8. Kammalawa

To, mene ne matsayin Gerda Taro? Kada a yi mata sabon kirari a madadin tsoho, a ce ta fi Capa, ko a ce ita ce ta ɗauki duk abin da ya yi suna da shi. Aikinta gajere ne, bai kai shekara biyu ba, kuma ba duka ne ya nuna ba. Akwai kwaikwayon salon waɗansu a cikinsa, akwai farfaganda, akwai wuraren da ta kau da kai. Amma a tsakanin bakin tekun Barsalona da ƙofar asibitin Balensiya wata tara ne kacal, kuma cikin wata taran nan ta koyi abin da waɗansu su kan tsufa a sana'ar ba su koya ba, watau ta daina ɗaga kai tana duban mutane daga ƙasa, ta tsaya daidai da su ta dube su a ido. Wanda ya ke so ya san ta, sai ya bar hanyar Brunete da taron Père Lachaise, ya koma bakin wannan ƙofa ta ƙarfe, domin a can ne ta yi aikin da za a iya kafa hujja da shi a gaban kowa.